Yadda ake tantance gyaran direbobin sadarwa a Linux

Kowace wayar Android, a Kano take ko a Maraɗi, tana aiki ne a kan Linux, manhajar da Linus Torvalds ya fara rubutawa a birnin Helsinki na ƙasar Finland a shekarar 1991. A zuciyar manhajar akwai wasu ƙananan sassa da masana ke kira direbobi. Su ne tafintoci tsakanin kwamfuta da na'urorin da ke haɗa ta da intanet.

Direba yana da cikakken iko a kan ma'ajiyar kwamfuta, don haka kuskure ɗaya na iya tsayar da ita gaba ɗaya, ko ya buɗe wa masu kutse ƙofa. Shi ya sa ba a karɓar gyara sai ya bi ta hannun masu tantancewa.

Ana buƙatar mai gyara ya raba aikinsa ƙanana-ƙanana, ya bayyana dalilin kowane, sannan ya sa sunansa a ƙasa. Masu dubawa kan bi shi layi-layi, suna tambayar ko ya saki ma'ajiyar da ya ara, da abin da zai faru idan ayyuka biyu suka taɓa wuri ɗaya lokaci guda, ko kuma aka cire na'urar tana tsakiyar aiki. Sau da yawa akan mayar da gyara ga mai shi domin ya sake.

David Miller da Jakub Kicinski na cikin masu kula da ɓangaren sadarwa. Suna riƙe da rumbu biyu: net na gyaran kurakurai, net-next kuma na sababbin abubuwa. Ana fitar da sabon Linux kusan duk mako tara zuwa goma.

Tarihi ya nuna dalilin wannan tsanani. A 2008, wani kuskure a gwajin Linux 2.6.27 ya lalata ma'ajiyar wasu katunan sadarwa na Intel masu amfani da direban e1000e, har suka daina aiki. Bincike ya gano cewa ɓarnar ta samo asali ne daga wani ɓangare dabam, amma duk da haka sai da aka ƙara wa direban kariya. A watan Afrilun 2021 kuma, Greg Kroah-Hartman ya haramta karɓar gyara daga Jami'ar Minnesota ta Amurka, bayan wasu masu bincikenta sun aika gurɓatattun gyare-gyare da gangan domin gwada masu tantancewa.