Gadoji Uku da Faba-faba: Tarihin Hanya da Sufuri a Birnin Yamai

Baƙon da ya shiga Yamai a yau zai ga gadoji uku a kan kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara, ga gadojin sama, ga tituna masu faɗi da fitilu. Sai dai mazaunin Talaje ko Kwara Tegi da zai fita aiki da safe, damuwarsa dabam ce: wace mota zai samu, nawa zai biya, kuma in damina ce, ta ina zai bi ya kai bakin kwalta? A bisa tsari, shimfiɗa hanyoyin cikin unguwa, haƙa magudanan ruwa, kwashe shara da tsara sufuri aikin ma'aikatar magajin gari ne. To me ya sa manyan ayyuka suka ci gaba, ƙananan da talaka ke taɓawa kullum suka tsaya baya? Amsar tana cikin tarihin garin.

Har zuwa shekarar 1926, Damagaram ce fadar mulkin mallakar Faransa a Nijar. A wannan shekara ne gwamna Jules Brévié ya maido da ita Yamai. Ƙarancin ruwa a Damagaram yana cikin dalilai, haka ma kusancinta da Kano, inda Ingilishi ke mulki. Yamai a lokacin 'yan ƙauyuka ce a bakin kogi, sai Turawa suka zana gari yadda zai yi musu daɗi. Suka ɗauki kwarin Gunti Yena ya zama iyaka. A tudun da ake kira Filato aka gina ofisoshi da gidajen Turawa, da hanyoyi miƙaƙƙu da itatuwan inuwa. A ɗaya gefen aka bar baƙar fata da gidajen laka da bukkoki. Tun daga ranar farko ke nan, aikin hanya ya san inda yake zuwa da inda ba ya zuwa.

Su wane ne suka yi aikin? Talakawa ne, kuma ba da son ransu ba. Dokar mulkin mallaka ta ɗora wa kowane namiji baligi wasu kwanaki na aikin tilas a shekara, sarakuna da masu gari su ke tattaro mutane. Da kwando da kai aka ɗebi jar ƙasar da aka zuba a hanyoyin da suka haɗa Yamai da Doso, da Kwanni, har zuwa Damagaram. Mutane da yawa sun tsere zuwa Nijeriya don gudun wannan wahala da ta haraji. Sai a watan Afrilun 1946 majalisar Faransa ta amince da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, wadda ta soke aikin tilas. Wannan zamani ya bar tabo: talaka ya tashi yana ganin hanya kayan hukuma ce, shi nasa gumi ne da biyan kuɗi.

A shekarar 1956 aka samu sauyi. Yamai ta zama gari mai majalisarsa, mazauna suka yi zaɓe, Djibo Bakary ya zama magajin gari na farko da ƙuri'a ta ɗora. Abin bai daɗe ba. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1958 mulki ya kuɓuce masa, a 1959 aka haramta jam'iyyarsa ta Sawaba. Daga nan aka shiga zamanin jam'iyya guda, sannan sojoji suka karɓi mulki a 1974 ƙarƙashin Seyni Kountché. Shekaru da dama wanda ke riƙe da gari naɗa shi ake yi daga sama. Wanda kuwa aka naɗa, idonsa na kan wanda ya naɗa shi, kukan unguwa sai ya biyo baya.

Lokacin samun 'yancin kai a 1960, mutanen Yamai ba su wuce kimanin dubu 30 ba. Ƙafa da keke da jaki sun isa su kai mutum ko'ina. Matsala ɗaya ita ce kogi. Mai son ƙetarawa zuwa Haro Banda, wato bayan ruwa da Zabarmanci, sai ya shiga kwale-kwale ko ya jira jirgin fito, wanda shi ke ɗaukar motocin da za su Say ko Haute-Volta, Burkina Faso ta yanzu. A watan Disamban 1970 aka buɗe gadar Kennedy, mai tsawon kimanin mita 700, da tallafin Amurka. Wannan gada ta sauya fasalin gari. Aka kafa jami'a a ƙetare, unguwanni irin su Lamorde da Kirkisoye suka cika da jama'a. Shekara 40 cur ita kaɗai ce mashiga: raƙuma da kayan itace, amalanke, manyan motoci da ɗalibai duk a kanta. A bakinta ne kuma aka harbe ɗalibai masu zanga-zanga ranar 9 ga Fabrairun 1990, abin da ya sa ake kiran dandalin da ke wurin da sunan shahidai.

Game da motocin haya, gwamnati ce ta fara ɗaukar nauyin. Kamfanin sufuri na ƙasa, SNTN, wanda aka kafa a farkon shekarun 1960, yana da sashen da ke kula da bas-bas na cikin Yamai. A ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kuɗin yuraniyom ke shigowa, abin ya yi armashi: ma'aikaci da ɗan makaranta suna da motar da suka san lokacinta da kuɗinta. Da farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu bisa sharuɗɗan masu ba da bashi na duniya. A watan Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin kayan gyara da na sabuwar mota suka yi tashin gwauron zabi. A tsakiyar shekarun 1990 aka ware sashen cikin gari aka mai da shi kamfani mai zaman kansa da suna SOTRUNI. Sai dai kamfanin ya gaji tsofaffin motoci, kuma kuɗin da talaka zai iya biya bai kai abin da tafiyar ke ci ba. Kusan duk duniya, bas na cikin gari da tallafin hukuma yake rayuwa. Da tallafin ya yi ƙaranci, motoci suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, layuka suka ragu.

A daidai wannan lokaci gari yana ta buɗewa. Farin 1973 zuwa 1974 ya koro dubban makiyaya da manoma, sansanin da aka yi musu a Lazare ya rikiɗe ya zama unguwa. Farin 1984 ya ƙaro wasu. Ƙidayar 1988 ta samu kusan mutum dubu 400, ta 2001 sama da dubu 700, ta 2012 kuwa ta haura miliyan ɗaya. A nan akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Harajin kasuwa da na hanya da ma'aikatar magajin gari ke tarawa ba ya isarta, saboda haka yanka filaye da sayar da su ya zama babbar hanyar samun kuɗi. Har gwamnati ma ta taɓa biyan ma'aikata bashin albashinsu da filaye. Fili kuwa ana yanka shi ne a bayan gari, inda babu kwalta, babu magudana, babu famfo. Kuɗin da aka samu ya tafi wajen albashi da hidimar yau da kullum, unguwa ta tashi a kan yashi. Kowane sabon yanka yana magance matsalar bana, yana haifar da ta shekara goma masu zuwa.

Da hukuma ta bar giɓi, 'yan kasuwa suka cike shi. Tasi mai jan kai ta zama uwar sufurin gari, ana haɗa fasinja huɗu masu hanya ɗaya, kowa ya biya dala arba'in, wato sefa 200, kuɗin da aka daɗe a kansa a wancan lokaci. In wurin da nisa ko hanyar da yashi, direba ya ce sai an ninka, ko ya girgiza kai ya wuce. Unguwannin nesa suka samu tsofaffin motocin da ake kira talaje-talaje, da sunan unguwar da suka fara yi wa hidima. Daga baya ƙananan bas-bas da ake kira faba-faba suka shigo. Sunan kansa ya isa bayani, domin faba da Zabarmanci taimako ne ko agaji. A Kwanni, Maradi da Damagaram kuwa, kabu-kabu ne ya tsallako daga Nijeriya ya kama gari, adaidaita ta biyo bayansa. Da babu gara ba daɗi, kuma dubban matasa sun samu abin yi. Amma mai mota inda riba take yake bi. Aikin ma'aikatar magajin gari ya koma ba da lamba da karɓar haraji, tsara layi da lokaci ya fita daga hannunta.

An yi ƙoƙarin gyara ta fuskar doka. A 1988 aka ba Yamai matsayin gari mai hukumar kansa, daga baya aka raba ta gundumomi uku, a 2002 suka zama biyar. Zaɓen ƙananan hukumomi na Fabrairun 1999 ya watse cikin rikici, sai na Yulin 2004 ne ya tsaya da ƙafafunsa, aka kafa majalisu a kwamin 265 a faɗin ƙasa. A 2010 aka ba Yamai, Maradi, Tawa da Damagaram matsayi na musamman. A takarda an miƙa wa garuruwa ayyuka masu yawa, kuɗin yin su ne bai biyo baya yadda ya kamata ba. Kujerar ma ba ta zauna daram ba: majalisar ministoci ta tsige magajin garin Yamai a 2013, ta sake tsige wani a 2017, a watan Afrilun 2024 kuma hukumomin soja suka rusa dukan majalisun suka naɗa masu riƙo. Tsarin sufuri yana son shekara goma ko ashirin ana bin sa, ga shi mai kujera bai san ko zai kai baɗi ba.

Manyan ayyukan da ake gani daga gwamnatin ƙoli suka fito, da kuɗin abokan hulɗa ko na bashi. Gada ta biyu, ta abotar Sin da Nijar, an buɗe ta a 2011, ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché a 2021. Ƙarƙashin shirin Niamey Nyala an gina gadar sama ta Mali Bero a 2013, ta dandalin shahidai a 2016, da ta Diori Hamani a 2018, aka kuma gyara tituna don taron Tarayyar Afirka na 2019. Babu mai musun amfaninsu, cunkoson gadar Kennedy ya ragu ƙwarai. Amma akwai wanda kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba: tashar jirgin ƙasa da aka buɗe a 2014 da layin dogon da aka shimfiɗa zuwa Doso, har yau ba su zama abin hawan jama'a ba. Damina kuma ita ke tona asirin abin da aka bari. A 2020 kogi ya fasa madatsa ya mamaye unguwannin Haro Banda, a watan Agustan 2024 ruwa ya yanke manyan hanyoyin fita daga gari na wasu kwanaki. Idan kwata ta toshe ko shara ta taru, magajin gari ake zagi. Idan za a yanke ƙyallen buɗe gada, wasu ne a gaba. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Abin da wannan tarihi ke nuna mana, ya mai karatu, shi ne mai babur da mai mota sun samu hanya, mai tafiya da ƙafa da mai jiran haya, waɗanda su ne mafi yawa, an bar su da dabararsu. Gyaran yana buƙatar abubuwa uku da tun 1956 ba su taɓa haɗuwa na dogon lokaci ba: hukumar gari da mazauna za su iya tuhuma, kuɗin shiga tabbatacce wanda bai dogara da sayar da fili ba, da doka mai hana yanka unguwa kafin a fitar mata da hanya da magudana. Mu ma mazauna da namu laifin, domin mai zuba shara a kwata da mai ƙin biyan haraji ba su da bakin ƙorafi. Maradi, Damagaram da Tawa suna kan turbar da Yamai ta bi, suna yanka filaye a bayan gari, adaidaita na cika tituna. Su har yanzu suna da sauran lokacin da za su fitar da hanya kafin gini ya rufe ta.