Tsakanin Fijo da Toyota, Wacce Ta Fi Ƙarko?

Wannan tambaya ta zo mana ne daga wani mai sauraronmu, direban motar haya a Birnin Kudu ta Jihar Jigawa. Ya ce gardama ce ta ƙi ƙarewa tsakaninsa da wani abokin sana'arsa mutumin Gwaram. Shi yana cewa ba a taɓa ƙera mota mai ƙarko kamar Fijo ba, abokin nasa kuwa ya kafe a kan Toyota. Yana so mu raba musu gardama, mu kuma ba shi tarihin yadda Fijo ta mamaye ƙasar nan.

To malam, mun gode da wasiƙarka. Da farko dai ka sani mutanenmu kan haɗa abu biyu su kira su ƙarko. Akwai motar da ba ta cika lalacewa ba, akwai kuma wadda ko ta lalace, duk inda ta tsaya za a tashe ta. Gardamarku a nan take.

Fijo ta ƙasar Faransa ce. Samfurin 404 ya fito a shekarar 1960, kuma ya yi wa kamfanin suna a Afirka, don ya ci gasar tseren motoci ta Safari a gabashin Afirka har sau huɗu, a 1963, 1966, 1967 da 1968. Wannan gasa kuwa ba a kan kwalta ake yin ta ba, cikin laka da ƙura ne. A 1968 aka fito da 504, wadda ta ci lambar motar shekara ta Turai a 1969. Cikinta a ɗage yake daga ƙasa, ƙafafunta na shanye gargada, kuma tayoyin baya ne ke tura ta, saboda haka in an labta mata kaya sai ta ƙara kama ƙasa. Injinta ba shi da wani ɓoyayyen sirri. Bakanike mai sifana da sukundireba, a gindin bishiya, ya ishe ta.

Amma ba ƙira kaɗai ta ba Fijo sarauta ba. An kafa kamfanin PAN a 1972 da haɗin gwiwar gwamnatin tarayya, kuma masana'antarsa da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon. A lokacin tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe, har ta kai ana ɗauko sassan motocin ta jirgin sama daga birnin Liyon na Faransa zuwa Kano, sannan a kai su Kaduna. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed a 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki manufar rage almubazzaranci, aka mai da 504 motar manyan jami'ai. Daga nan kowace ma'aikata Fijo, kowane sakatare Fijo. In gwamnati ta yi gwanjonsu sai su faɗo hannun 'yan haya.

Ka ga ke nan, malam, a wancan zamani duk garin da ka shiga akwai wanda ya san cikinta, akwai kuma kayan gyaranta. Garinku yana kan babbar hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Wudil, ta wuce wajen Gwaram zuwa Jihar Bauci da gabas. Direban da wagon ɗinsa mai layin kujeru uku ta mutu a wannan hanya, da wuya ya kwana a daji. Abin da babu a gari, gobe an kawo shi daga Ƙofar Ruwa a Kano. Haka a-kori-kura ta Fijo ta yi shekaru tana jidar buhunan hatsi ranar kasuwar Sara. Mutane suna ganin mota ɗaya shekara ashirin a tasha sai su ce ba ta mutuwa, alhali an canza mata inji, an canza giya, lambar kawai ta rage ta asali.

Ba Fijo kaɗai aka harhaɗa a nan ba. An yi Volkswagen a Legas, mai Bitil ɗin nan da injinta ke baya, ba ta shan ruwa sai iska. An yi manyan motocin Fiat a Kano, Steyr a Bauci, Leyland a Ibadan, Marsandi a Inugu. Marsandi tana da tsawon rai ƙwarai, sai dai ranar da ta nemi gyara, aljihu ne ke kuka.

Abin da ya karya Fijo shi ne kuɗi. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP, darajar naira ta faɗi. Dalar da ba ta fi naira ɗaya da wani abu ba ta koma wajen naira 4 cikin ɗan lokaci. Da yake yawancin sassan daga waje ake sayo su, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci. Sai aka koma ga tsofaffin motocin Turai da ake shigowa da su ta Kwatano. An ci gaba da harhaɗa 504 a Kaduna har wajen 2006, shekaru da dama bayan Faransa ta daina ƙera ta, kuma a wannan shekarar gwamnati ta sayar da hannun jarinta a PAN. A 2022 wani sabon kamfani mai haɗin gwiwa da Dangote ya fara harhaɗa Fijo a Kaduna, amma sababbin samfura ne.

Ita kuwa Toyota, an kafa kamfaninta a Japan a 1937. Corolla ta fito a 1966, Hilux a 1968. Abin da kamfanin ya shahara da shi shi ne tsarin aikinsa: ma'aikaci in ya ga aibi yana da ikon tsayar da layin ƙira har a gyara. Kuma ba ya gaggawar sa sabuwar dabara a mota sai ta gwadu. A 1987 sojojin Chadi ƙarƙashin Hissene Habre suka fatattaki na Libiya a Fada da Wadi Dum a kan ƙananan motocin Toyota, har ake kiran yaƙin da sunan motar. Abin dariyar ma, Faransa mai Fijo ce ta taimaka musu da motocin.

Saboda haka ga hukuncinmu. In ana maganar daɗewa ba a je gareji ba, mutumin Gwaram ya yi gaskiya, Toyota ta fi, shi ya sa Hayis ta ƙwace dogon zango, Hilux ta zama motar ma'aikatu. In kuwa ana maganar ɗaukar wahala da sauƙin gyara a zamaninta, kai ma ka yi gaskiya game da 504. Amma fa kada ka auna Fijo ta yau da waccan. Motocin yanzu, na kowane kamfani, kwamfuta ce ke sarrafa injinsu, kuma in fitilar gargaɗi ta kama a Basirka, sifana ba za ta gaya maka abin da ke damun motar ba, sai an nemo mai na'urar da zai jona mata.