Waye ke riƙe da ruwan? Tarihin lambar da ke jikin kwalbar wiskin Amurka

1/ Kafin a fara jifa: ni ba mashayi ba ne, kuma ba talla na zo yi ba. Tarihin dokokin abinci nake karantawa kwanan nan, sai na tarar ɗaya daga cikin dokokin farko na kare mai saye a Amurka a kan wiski aka yi ta, shekara 9 kafin ta abinci da magani. Zare ne, ku biyo ni 🧵

2/ Burbon wiski ne na Amurka, cibiyarsa jihar Kentaki. A doka, dole masara ta kai kashi 51 cikin 100 na hatsin da aka yi shi da shi, sannan a ajiye shi a sabuwar gangar katako ta itacen oak wadda aka babbake cikinta. Launin ruwan zumar nan da ake gani, daga katakon yake fitowa.

3/ A jikin yawancin kwalaben akwai lamba da ake kira furuf. Asalin kalmar a Turanci "hujja" take nufi. A Amurka lissafin mai sauƙi ne: ninki biyu na yawan barasar da ke ciki. Furuf 100 na nufin rabi barasa ne. To me ya haɗa ƙarfin giya da hujja? Rashin yarda.

4/ Labarin da ake bayarwa a Ingila shi ne a da ana jiƙa albarushi da giyar a kyasta wuta. In ya kama, ga hujja ba a cika ta da ruwa ba. Gwamnati ma na son sani, don haraji ya danganta da ƙarfi. A 1816 aka koma awo da na'urar da Bartholomew Sikes ya ƙera.

5/ Yanzu ga inda kuɗi yake. Dokar Amurka ta yau ta ce kada burbon ya wuce furuf 125 ranar da za a zuba shi a ganga, kuma kada ya gaza 80 a kwalba. Ku yi lissafi: kwalba 100 mai furuf 125, in aka tsinka ta da ruwa zuwa 80, ta zama kusan 156. Ruwa fa kawai.

6/ Wannan ƙarin ruwan doka ta yarda da shi, saboda an rubuta maka a jikin kwalba. A ƙarni na 19 babu wannan. Ganga-ganga ake sayar da wiski, daga matata zuwa dillali, daga dillali zuwa mashaya. Duk hannun da ta bi, yana iya buɗewa ya rage ya cike.

7/ Wasu dillalan ma ba sa wahalar jiran shekaru. Su sayi farar barasa mai arha wadda ba ta kwana a ganga ba, su rina ta da ƙonannen sukari, ruwan busassun 'ya'yan itace, taba, har da aidin, su ce tsohon wiskin Kentaki ne. Algus ke nan tsagwaronsa, irin na mai cika nono da ruwa, sai dai wannan na iya kwantar da mutum.

8/ Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi: a zamanin likitoci na rubuta wa marasa lafiya wiski a matsayin magani. George Garvin Brown, wani mai tallar magunguna a Louisville, ya ga ɓarnar. A 1870 ya fara sayar da nasa a kwalba mai hatimi kaɗai. Shi ne Old Forester, har yau ana yin sa.

9/ Amma hatimin ɗan kasuwa alkawarin ɗan kasuwa ne. Masu yin na ainihi, irin su Kanar E. H. Taylor Jr., suna ajiye kaya shekaru, mai algus ya haɗa nasa cikin yini ya karya farashi. Sai suka nufi Washington, suka samu goyon bayan Sakataren Baitulmali John G. Carlisle, shi ma ɗan Kentaki.

10/ Ranar 3 ga Maris 1897, saura kwana ɗaya ya sauka daga mulki, Shugaba Grover Cleveland ya sa hannu a dokar Bottled-in-Bond. Sharuɗɗanta: matata ɗaya, a yi shi cikin zango ɗaya na shekara, ya yi aƙalla shekara 4 a sito ƙarƙashin idon jami'an gwamnati, a ɗura shi a furuf 100 cif.

11/ A wancan zamanin, in ya cika, sai a manna koren hatimin gwamnati a bakin kwalbar. Kada mu yi wa mutanen nan rigar waliyyai: kasuwarsu suke karewa, kuma ba sa biyan harajin kayan da ke sito sai ranar fitarwa. Ita kuma gwamnati ta san kowace ganga. Mai saye ya ci moriya ne don buƙatarsa ta zo daidai da tasu.

12/ Dokar abinci da magani ta biyo baya a 1906, amma rigima ba ta mutu ba: haɗin dillalai ya cancanci sunan wiski ko a'a? Sai da Shugaba William Howard Taft ya yanke hukunci a Disambar 1909. Kowa ya sayar da nasa, amma a rubuta gaskiya, tsantsa ne ko gauraye. A 1964 majalisa ta ayyana burbon a matsayin kayan Amurka na musamman.

13/ To ina maganar "ƙarfin ganga" da masu sha'awar abin ke yayi yanzu? Ma'anarsa yadda ya fito daga ganga haka aka ɗura, ba a tsinka ba. Booker Noe, jikan Jim Beam, ya kan ba abokansa irinsa kyauta. A 1988 ya fito kasuwa da sunan Booker's, yayin ya ɗore.

14/ Wani abin da ya ba ni mamaki: a Kentaki ƙarfin kan ƙaru a ganga. A saman siton da zafi da bushewa suka yi yawa, ruwa ya fi barasa saurin tsere ta jikin katako. Abin da ya shiga a 125 sai ya fito sama da 130. A Skotland mai sanyi da danshi, raguwa yake.

15/ Nan kofi ya shigo labarin. Masu haɗa wiski a Skotland sun daɗe suna sansanawa da kopita, ƙaramin kofin gilashi na 'yan kasuwar giyar inabi a Sifaniya. Mai faɗin ciki ne da tsukakken baki, don ƙamshi ya taru. Kayan aikin tantancewa ne tun asali, kamar ma'aunin mai saye.

16/ Raymond Davidson ya ɗauki wannan siffa, ya cire doguwar ƙafar, ya yi mata gindi mai kauri. A 2001 kofin Glencairn ya fito. Matsalarsa da mai ƙarfin ganga: tsukakken bakin na tara tururin barasa har ya ƙona hanci. Shi ya sa wasu ke komawa tambulan mai faɗin baki, wasu kuma su ɗiga ruwa.

17/ Kun gani? Ruwan da aka yi shekaru ana shari'a a kansa ya dawo, amma yanzu a hannun mai saye. Shi ke ɗigawa, ya san adadin. Har ya biya kuɗi fiye da na sauran don kada wani ya zuba masa.

18/ Kuma ba su manta ba. A Fabrairun 2013 Maker's Mark ya sanar zai rage furuf daga 90 zuwa 84 saboda kaya sun yi ƙaranci. Ba ɓoyewa ya yi ba, sanarwa ya bayar. Duk da haka masu saye suka yi ca, cikin kusan mako guda ya janye.

19/ Gargaɗi ɗaya. Furuf 130 na nufin kashi 65 barasa ce. Hatimi da lamba sun tabbatar da abin da ke cikin kwalba ne kawai, ba su wanke shi daga illa ba. Hanta ba ta karanta takardar jikin kwalba.

20/ Abin da ya tsaya min a rai: tun da na karanta wannan, na koma duba bayan kowane gwangwani da kwalbar zuma kafin in biya. Ƙananan rubutun nan sai da aka yi faɗa aka same su. A wace kasuwa kuka fi cin karo da algus? Ku faɗa min a ƙasa. Nan na tsaya.