Wutar Kainji da Siyasar Babban Wa

Yau za mu ɗauki wata tambaya da matasa ke yawan yi cikin fushi: ta yaya Najeriya, da mu 'yan ƙasa muke kwana a duhu, take tura wa Nijar wutar lantarki?

To, ku fara duba taswira. Kogin Kwara sai ya ratsa ta Yamai kafin ya shigo mana ta jihar Kebbi. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 da wannan ruwan take aiki. Da Nijar za ta tare kogin daga sama, Kainji ta shiga uku. Shi ya sa fahimtar ta kasance: ku bar mana ruwa, mu ba ku wuta. Har zuwa 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke sha daga nan take zuwa. Ciniki ne, kuma ƙaramar ƙasar ma tana da abin da ta riƙe a hannu.

Amma ni a ganina yaƙin basasa ne ya fi komai tsara yadda Najeriya ke mu'amalar kuɗi da maƙwabta. Tsakanin 1967 da 1970 Faransa ta karkata wajen Biyafara, Kwaddibuwa da Gabon suka amince da ita a matsayin ƙasa. Nijar ta Diori Hamani kuwa, duk da cewa Faransa ce ta raine ta, ta tsaya da gwamnatin tarayya. Janar Gowon ya fito daga yaƙin ya gane cewa ƙasar da ke kewaye da tsoffin 'yan mulkin mallakar Faransa ba za ta yi barci da ido biyu rufe ba. Sai kuɗin man fetur suka zo a daidai lokacin. Shi da Eyadema na Togo suka yi ta zagaye har aka kafa ECOWAS a Legas a 1975. Najeriya ta ɗauki kaso mafi tsoka na ɗawainiyar, don da aljihunta take sayen kwanciyar hankali a kan iyaka.

Girman nan kuma yana sa girman kai. A Maris 2018 ƙasashe 44 suka sa hannu kan yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka a Kigali, Buhari ya ƙi zuwa, saboda masu masana'antu da ƙungiyar ƙwadago sun ce kayan waje za su kashe mu. Sai Yuli 2019 ya sa hannu, a Yamai ma kuwa. Wata guda bayan nan ya rufe iyakokin ƙasa, har Disamba 2020. Wace ƙaramar ƙasa ce za ta iya wannan? Benin ko Togo ba su isa ba, don da tashar jiragen ruwa da kayan wucewa suke ci. Wanda ya ji a jikinsa shi ne ɗan kasuwar Jibiya da Illela da Maigatari, da ɗan'uwansa na Maraɗi da Ƙwanni, waɗanda kakanninsu ke ciniki tun kafin Turawa su ja layin.

Sai juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da ya kifar da Bazoum. Najeriya ta yanke wutar, ta rufe iyaka. Abin da aka shekara kusan hamsin ana amfani da shi wajen ɗaure zumunci, rana ɗaya aka mayar da shi bulala. Sojojin ba su sauka ba. Aka janye takunkumin a Fabrairu 2024, amma kafin nan Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun ce sun bar ECOWAS ɗin da Gowon ya gina. Ita kuma madatsar Kandaji da Nijar ke ginawa a kan kogin, yanzu babu ɗan Nijar da ke buƙatar a yi masa bayanin amfaninta.