Makarantun Kafanchan: Benci Ɗaya, Gari Ɗaya

Tun da layin dogo ya iso Kafanchan a shekarun 1920, garinmu ya zama mahaɗa. 'Ya'yan ma'aikatan jirgi, Yarbawa da Ibo, suka yi karatu benci ɗaya da 'ya'yan Fantswam, Bajju, Ham da Hausawa. Da shirin UPE ya zo a 1976, ajujuwa suka cika maƙil, kujeru suka yi kaɗan, amma aka zauna lafiya. Dalili kuwa, malami maƙwabci ne, iyaye sun san juna a kasuwa, ɗa kuma na kowa ne.

Rikicin Maris 1987, wanda ya faro daga Kwalejin Ilimi, shi ya fara tsaga wannan amana. Bayan na zaɓen 2011 unguwanni suka rabu, yara da dama suka daina haɗuwa a aji.

Sabon gini da fenti ba za su dawo mana da amanar nan ba. Mu halarci taron iyaye da malamai, mu san masu koyar da 'ya'yanmu, mu bar yara su ƙulla abota. Wanda ya ari biron wani a firamare, da wuya ya ɗaga masa adda.