Cinikin Tsofaffin Gidaje a Kongo da Tudun Wada

Tudun Wada ta kafu ne a wajen ganuwar Zariya a zamanin mulkin Turawa, domin baƙi 'yan Arewa waɗanda ba haifaffun birni ba, ta kuma ƙara cika bayan buɗe makarantar horar da akawuna a unguwar Kongo da ke kusa a 1947, wadda daga baya ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello. Gidajen farko da tubali aka gina su, wato curin ƙasa da ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, aka rufe su da azara, tsagin itacen giginya da ke gagarar gara.

Sayen irin wannan gida bai taɓa zama cinikin mutum biyu ba, domin galibinsu gidajen gado ne, sai magada duka sun amince, dillali ya karɓi la'adarsa, mai unguwa ya shaida. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ƙara wani sharaɗi, tunda ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, wanda ake buƙatar yardarsa kafin mallaka ta sauya hannu. Abin takaicin shi ne, mai saye a yau yawanci filin yake so, ya rushe zauren ya jera ɗakunan bulo na hayar ɗalibai.