Tarihin kalmomin gamsuwa da wadatar zuci a harshen Ingilishi

1. Gabatarwa

Da yawa daga cikin takardun bincike da ke zuwa hannun ma'aikatan yaƙi da jahilci a ƙasarmu, da Ingilishi aka fara rubuta su, sa'an nan aka mayar da su Faransanci, daga nan kuma Hausa. Watau kafin kalma ta iso Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, ta riga ta bi ta hannu biyu. A cikin wannan maƙala za mu bi tarihin kalmomi biyu na Ingilishi, “satisfaction” da “contentment”, waɗanda akan fassara su duka da “gamsuwa”, domin mu ga ko wannan fassara ta wadatar.

2. Asalin “satisfaction”

Tushen kalmar Latin ne: “satis”, abin da ya isa, da “facere”, aikatawa. A shari'ar Rumawa ma'anarta ita ce mutum ya yi wa mai binsa bashi abin da zai sa ya janye da'awarsa. Daga nan malaman Kirista suka ɗauke ta suka ba ta ma'anar aikin da mai tuba yake yi don ya kankare zunubinsa, abin da ya yi kusa da kaffara a wurinmu. A kan wannan ma'ana ce Anselm, babban limamin Kantabari, ya gina littafin da ya kammala a 1098 game da fansar ɗan Adam.

Bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a, kalmomi dubbai suka kwarara cikin Ingilishi. Ta wannan hanya “satisfaction” ta shiga wajen shekara ta 1300, kuma da ma'anar kaffara ta fara shiga. Zuwa ƙarni na 17, idan aka ci mutuncin wani babban mutum ya ce yana neman “satisfaction”, to, karo da takobi yake nufi. Sannu a hankali ma'anar ta tashi daga wanda ya biya ta koma kan wanda aka biya, watau daɗin da mutum yake ji in bukatarsa ta biya. Har yanzu kalmar tana ɗauke da wannan gado: akwai abin da ake nema, akwai ma'auni, akwai kuma wanda zai ce an cika ko ba a cika ba.

Kalmomi biyu ƴan'uwanta suna ƙara haska wannan. “Assets”, kadarori, daga tsohon Faransanci ta fito, tushenta ɗaya da “assez”, asalin ma'anarta kuwa dukiyar da ta isa a biya bashin mamaci. Ita kuma “sad”, wadda yau take nufin baƙin ciki, a tsohon Ingilishi ƙoshi take nufi, kuma dangin “satis” ce. Daga ƙoshi ta koma gajiya da nauyin jiki, daga nan nauyin zuciya.

3. Asalin “contentment”

Wannan daga “continere” ta fito, watau riƙewa ko ƙunsa. “Contentus” shi ne abin da ya tsaya cikin iyakarsa bai tumbatsa ba. Sifar “content” ta shiga Ingilishi wajen 1400, ita ma ta hanyar Faransanci. Mutumin da aka kira haka shi ne wanda burinsa bai wuce abin da ke hannunsa ba. Masu fassarar Littafi Mai Tsarki na 1611 sun yi amfani da “contentment” a wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti, inda Girkanci yake da kalmar da ke nufin wadatuwa da kai. A 1648 aka buga wa'azozin Jeremiah Burroughs a kan wannan hali, inda ya ɗauke shi abin da ake koyo da horon zuciya, ko da wahala ake ciki.

Kalmar tana da wata tsohuwar ma'ana, yarda. A majalisar dattawan Birtaniya har yau mai goyon bayan batu yakan ce “content”, wanda bai yarda ba ya ce “not content”.

A nan ne tarko yake ga wanda ya yi karatu da Faransanci. A Faransancin yau wanda ya ce shi “content” ne, murna yake nufi. A Ingilishi kuwa yana nufin ba ya neman ƙari, ko yana murna ko ba ya yi.

4. Zamanin awo

A ƙarni na 20 “satisfaction” ta zama kalmar masu ƙididdiga. Robert Hoppock ya buga littafinsa kan gamsuwar ma'aikata da aikinsu a 1935. Tun 1973 binciken Eurobarometer yake tambayar mutanen Turai gwargwadon gamsuwarsu da rayuwa, Afrobarometer kuma, wanda ya fara a 1999, yakan yi irin wannan tambaya game da dimokuraɗiyya a ƙasashen Afirka, har da Nijar da Najeriya. “Contentment” ba ta sami irin wannan shiga ba, domin hali ne na zuci wanda ba ya hawa ko sauka da abin da aka ba mutum.

Sifar “satisfactory” kuwa ta rage daraja. Da can tana nufin abin da ya cika sharaɗi, yanzu ta koma kusa da abin da Bahaushe zai ce da babu gara ba daɗi. Shi ya sa a 2012 hukumar Ofsted mai duba makarantun Ingila ta soke wannan matsayi, ta maye gurbinsa da wanda ke nufin ana bukatar gyara.

5. Abin da ya shafi Hausa

Hausa ba ta rasa kalmomin da za su raba waɗannan ma'anoni ba. “Ƙoshi” na ciki ne. “Biyan bukata” da “gamsuwa” suna da ma'auni a waje, saboda haka su ne suka dace da “satisfaction” ta masu awo. “Wadatar zuci” da “ƙana'a”, wadda muka aro daga Larabci, su ne abokan “contentment”. “Yarda” ta dace da amsar ƴan majalisa, “kaffara” da “diyya” kuma da tsohuwar ma'ana ta addini da shari'a.

Illar gwamutsa su a fili take. Idan mai bincike ya tambayi manomi ko ya gamsu da ajin karatun ƙauyensu, ya amsa da “to, mun gode Allah”, wadatar zuci ya bayyana, da ladabi ga baƙo. Bai ce malamin yana zuwa kullum ba, bai ce akwai alli da littattafai ba. In aka rubuta shi cikin waɗanda suka gamsu, rahoto zai nuna ajin yana tafiya daidai, gyaran da ya kamata a yi kuwa ba za a yi shi ba.

6. Kammalawa

Shawararmu guda uku ce. Na ɗaya, mai fassara ya koma ga takardar Ingilishi ta asali duk lokacin da ya ga “content” ko “satisfait” a Faransanci. Na biyu, a ƙamus da littattafan ƙa'idojin fassara a ware “gamsuwa” daban, “wadatar zuci” daban, kowace da misalanta. Na uku, tambayar awo ta ambaci abin da ake aunawa, kamar a ce “ajin ya biya maka bukatar da ta kawo ka?”, sa'an nan a gwada ta ga mutanen yankin kafin a buga ta.